Baba ya jiƙe da zufa yana surutai, maƙwabci ya ba shi lemo: shin mun cutar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 68 ne, ya kai shekara 11 da ciwon sukari, yana shan Daonil da Glucophage. Ranar Talata ya sha maganinsa da safe, bai karya ba sai ɗan ruwan shayi, ya tafi jana'iza har maƙabarta a ƙafa. Wajen ƙarfe 12 muka same shi a zaure ya jiƙe sharkaf da zufa, hannunsa na rawa, yana ta yi mana faɗa ba dalili, bai ma gane ƙanina ba. Goggo ta ce iska ce a yi tofi, yayana ya ce sukari ne ya hau a ƙara masa magani. Wani maƙwabcinmu ya kawo lemon kwalba ya ba shi, bai jima ba ya dawo hayyacinsa. Tun ranar ake gardama a gida, wai ta yaya za a ba mai ciwon sukari lemo. Shin mun cutar da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Ba ku cutar da shi ba. Maƙwabcin nan ya yi abin da ni kaina zan yi da ina wurin, ku je har gida ku yi masa godiya. Abin da ya tayar mini da hankali a saƙonki shawarar yayanki ce. Da an ƙara wa Baba Daonil a wannan hali, da suma zai yi a hannunku, kuma Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare. Ba ina ɗora wa yayan naki laifi ba ne. Kusan duk gidan da ake da mai ciwon sukari haka aka koyar da su, cewa sukari guba ne, a ɓoye gwangwaninsa, a sa wa tsoho ido kada ya lasa. Mu ma'aikatan lafiya muna da namu kaso a ciki. Mukan cika wa marar lafiya kunne da haɗarin hawan sukari, mu miƙa masa takardar magani, ba mu zaunar da iyalinsa mun gaya musu cewa maganin da kansa yana iya kayar da sukarin ƙasa ba. Sai a wayi gari ana gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk abin da kika lissafa, alamun faɗuwar sukari ne, kuma dalilin yana cikin labarin da kika bayar. Ƙwaƙwalwa da sukarin da ke cikin jini take aiki, ba ta kuma da rumbun ajiya kamar hanta ko tsoka. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi za ta ci yanzu. Da zarar ya yanke, cikin mintoci take fara rikicewa. Shi kuwa Daonil, wanda ainihin sunansa glibenclamide, aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Ƙwayar ba ta san ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, da an haɗiye ta za ta kama aiki. Baba ya sha ta, cikinsa babu komai sai ruwan shayi, sannan ya taka zuwa maƙabarta ya dawo, tafiyar ta ƙone ɗan abin da ya rage. Magani, yunwa da wahala suka haɗu a kansa a safiya ɗaya.

Glucophage, wato metformin, shi kaɗai da wuya ya jawo haka. Waɗanda ake jin tsoro su ne allurar insulin kowace iri, da dangin Daonil: glimepiride da ake sayarwa da sunan Amaryl, da gliclazide da ake kira Diamicron. Ki ɗauko kwalayen maganin Baba ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan babban suna, domin akwai ƙwayoyin da aka haɗa metformin da glibenclamide a guda ɗaya.

Idan akwai na'urar awon sukari a gida, lambar da za ki riƙe ita ce 70. Duk abin da ya gaza 70 mg/dL, sukari ya faɗi, a ɗauki mataki ko da mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ƙasa da 54 kuwa an shiga haɗari sosai. Sai dai ba duk na'urori ke magana da harshe ɗaya ba. Wasu, musamman waɗanda ake kawowa tsaraba daga Ingila, da mmol/L suke nunawa, a nan 70 ita ce 3.9, 54 kuma 3.0. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sukan ga sakamakonsu da g/L, nasu ma'aunin 0,70 ne. In na'ura ta rubuta LO, sukarin ya yi ƙasan da ta kasa aunawa. Kuma a wanke hannu kafin a soka yatsa. Wanda ya taɓa dabino ko mangwaro, zaƙin da ya maƙale a fata zai iya sa na'ura ta nuna lamba mai kyau alhali jininsa babu sukari.

Alamun kan zo hawa biyu. Da farko jiki ne ke ƙararrawa: zufa, karkarwar hannu, bugun zuciya fat-fat, yunwa mai murɗa ciki, faɗuwar gaba, wani lokaci leɓe ya riƙa tsattsafa kamar kiyashi na bi. Ki lura da zufar nan da kyau, don ita ce ta fi saurin tona asirin ciwon. Ba irin ta zafin rana ba ce, ba kuma irin ta zazzaɓi ba. In kika ɗora tafin hannunki a goshinsa za ki ji fatar da sanyi, da danshi mai yauƙi, riga ta manne a baya ko da ana hunturu. In ba a ba shi komai ba sai a haura hawa na biyu, inda ƙwaƙwalwa ke fara gazawa. Magana ta kakkarye, gani ya yi dishi-dishi ko abu ɗaya ya zama biyu, tafiya ta zama tangaɗi, mutum mai haƙuri ya koma mafaɗaci, ya kalli ɗansa bai gane shi ba. Daga nan sai barci mai nauyi, sai jijjiga, sai suma. A nan ne Goggo ta ga iska, kuma ban yi mamaki ba, don dattijon da aka sani da kamala in ya tashi yana zage-zage dole hankalin mutane ya tafi can. Matashi kuwa sai a ce ƙwaya ya sha. Wani ma har ɓarin jikinsa kan saki, baki ya karkace, a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce, sai an ba shi sukari komai ya koma daidai. Shi ya sa a asibiti duk wanda aka kawo a rikice ko a sume, abu na farko da muke yi shi ne soka yatsarsa.

Tsofaffi irin Baba sau da yawa ba sa jin hawa na farko sosai, kai tsaye suke faɗawa rikicewa. Da dare kuma abin yakan zo cikin barci. In kika ji yana sambatu ko mugun mafarki, ko aka tashi da asuba aka tarar matashin kai da zanin gado sun jiƙe, shi kuma ya farka da ciwon kai da kasala, to a zargi faɗuwar sukari.

Yanzu ga abin yi idan yana farke kuma yana iya haɗiya. A zaunar da shi, a ba shi sukari mai saurin shiga jini kimanin giram 15. A ma'aunin gida, wannan shi ne babban cokali ɗaya na garin sukari, ko ƙaramin cokalin shayi 3 zuwa 4, a dama da ruwa kaɗan. Ko sukari mai ƙwaya 3 zuwa 4. Ko babban cokali ɗaya na zuma. Ko kamar rabin ƙaramar kwalbar lemo, amma na ainihi, ban da wanda aka rubuta Zero ko Diet a jikinsa, don wannan babu sukari a ciki ko kaɗan. Garin gulukos da ake sayarwa a kemis ya fi duka sauri. In babu ko ɗaya sai dabino, a ba shi 3 ya tauna. Abin da ba na so a fara da shi shi ne abinci mai maiƙo ko mai nauyi, irin su fura da nono, kunun gyaɗa, ƙosai, cakulan. Suna da amfani daga baya, amma maiƙo yana riƙe abinci a ciki, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da lokacin jira.

Daga nan a duba agogo a jira minti 15. Wannan jiran yana da wuya, na sani. Hankalin kowa a tashe, shi kuma yunwa na cinsa, sai a yi ta ɗura masa lemo kwalba biyu da burodi da shayi, zuwa la'asar sukari ya haura 300. Bayan minti 15 a sake awo. In har yanzu bai kai 70 ba, ko babu na'ura amma alamun ba su tafi ba, a maimaita. In an yi sau uku babu canji, sai asibiti. In ya dawo daidai, a nan ne za a kawo abinci na gaske, tuwo ko shinkafa da wake ko burodi da ƙwai, abin da zai riƙe shi.

Yayanki zai ce, to in babu na'ura, ta yaya za mu san hawa ya yi ko faɗuwa? Tambaya ce mai kyau. Hawan sukari a hankali yake zuwa, cikin kwanaki: ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, bushewar baki da fata, kasala. Faɗuwa kuwa farat ɗaya ce, mutum lafiya lau da hantsi, kafin azahar ya jiƙe da zufa ya rikice. In kuma an rasa ganewa, a ba da sukarin. Idan ashe hawa ya yi, cokali ɗaya ba zai ƙara masa wata illa ta a-zo-a-gani ba kafin a isa asibiti. Idan kuwa faɗuwa ce aka hana shi, ƙwaƙwalwa na iya lalacewa cikin sa'o'i, ko a rasa shi. Abu guda ne ba a taɓa yi a kan zato, shi ne ƙara magani ko yin allurar insulin.

Idan aka same shi a sume, ko yana jijjiga, ko barci ya danne shi har ba ya iya haɗiya, to dokar ta juya gaba ɗaya, kuma ina roƙon ki karanta wa kowa a gida wannan wurin. Kada a zuba masa komai a baki. Ba lemo, ba ruwa, ba madara, ba rubutu. Wanda ya suma ba ya iya kare maƙogwaronsa, abin da aka ɗura sai ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Na ga waɗanda muka ɗaga sukarinsu cikin minti biyar, amma muka yi mako muna fama da ciwon huhun da ɗuren ya jawo. Kada a cusa cokali ko yatsa tsakanin haƙora don yana jijjiga, kada a danne shi, a dai janye abin da zai ji masa ciwo. A kwantar da shi a gefe guda, a lanƙwasa gwiwar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa yadda yawu ko amai zai zubo waje, a sassauta wuyan riga. Sannan a nemi mota ko adaidaita sahu nan take. In asibiti da nisa, ana iya lakato ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari a yatsa a shafa a cikin kumatun da ke ƙasa, shafawa kawai, ba cika baki ba, kuma ba a tsaya jiran ganin aikinsa ba. Addu'a kuwa ba wanda ya hana. Goggo ta shiga motar ta yi ta tofa masa har a isa.

A ƙofar asibiti kada a ce "faɗuwa ya yi" a yi shiru. A ce mai ciwon sukari ne, yana shan Daonil, bai ci abinci ba, a gwada sukarinsa, a kuma miƙa ledar magungunansa. Za a sa masa ruwan gulukos ta jijiya. Ba na manta wata tsohuwa da aka kawo mana da dare a bayan a-kori-kura, 'ya'yanta sun riga sun fara kuka, an ma kira 'yan'uwa a waya ana cewa a zo. Na'ura ta nuna LO. Ba mu gama tura sirinji na biyu ba ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kai hannu ka tana laluben mayafinta, tana tambayar wa ya fito da ita gaban maza haka. Akwai kuma allurar da ake kira glucagon, wadda ake koya wa iyali su yi a cinya idan mutum ya suma, tana sa hanta ta saki sukarin da ta ajiye. A wurarenmu samunta da wuya kuma da tsada, amma mai allurar insulin ya tambayi likitansa.

Game da Baba, tsugune ba ta ƙare ba don ya farfaɗo ranar Talata. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, aikinsa kan kai kwana guda, a wurin tsoho ko mai raunin ƙoda ya wuce haka. Lemon zai ƙone cikin sa'a ɗaya ko biyu, ƙwayar kuwa tana nan tana aiki, sai sukarin ya sake faɗuwa, wataƙila cikin dare kowa na barci. Duk wanda ya rikice haka a kan wannan magani ya kamata a kai shi asibiti a ranar ko da ya miƙe yana raha, kuma kada ya sha ƙwaya ta gaba sai likita ya gan shi. In ba ku kai shi ba tukuna, ku kai shi gobe, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.

Za ki ce ai shekara 11 yana sha bai taɓa yin haka ba. Jikin da aka rubuta wa maganin yana ɗan shekara 57 ba shi ne na yau ba. Ƙoda ce ke fitar da ragowar maganin, kuma shekaru da ciwon sukari da hawan jini duk suna rage mata ƙarfi, sai maganin ya taru. Cin abincin tsoho yana raguwa, wani ya rame. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jerin muhimman magungunanta ta rubuta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, gliclazide ta fifita. Ni a ganina Baba ya kai lokacin da za a canza masa, amma wannan hukuncin likitan da ya auna ƙodarsa ne, kada a yi shi a kan teburin kemis. Ku gaya wa likitan duk abin da ya sha a makonnin nan. Septrin da ciprofloxacin suna ƙara wa dangin Daonil ƙarfi. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana saukar da sukari, shi ma zazzaɓin in ya yi tsanani haka. Magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol suna ɓoye bugun zuciya da karkarwa, zufa ce kawai ke rage. Kada kuma a ɓoye jiƙe-jiƙen gargajiya don kunya. Tsofaffinmu da yawa suna haɗa na asibiti da garafuni ko shuwaka ko garin da aka sayo a kasuwa wanda ba a san abin da ke ciki ba, ba faɗa za mu yi ba, so muke mu san abin da muke lissafi da shi.

Akwai wani abu da nake so ku sa wa ido. Idan sukari ya yawaita faɗuwa, jiki yakan saba, ya daina ƙararrawar farko, mutum yana hira a 50 bai ji komai ba sai dai a ga ya kife. Ana iya dawo da jin alamun in aka yi makonni ana kauce wa faɗuwar, shi ya sa likita kan sassauta magani na ɗan lokaci. Ga mai shekarun Baba, gara sukari ya ɗan zauna sama kaɗan da a matse shi yana faɗuwa, don faɗuwa guda a banɗaki na iya karya ƙugu.

Na san za a zo kan maganar azumi, ko na watan Ramadan ko na Litinin da Alhamis da dattawa ba sa so su bari. Wani babban bincike da aka yi a kan Musulmi a ƙasashe 13, aka buga a 2004, ya nuna mummunar faɗuwar sukari tana ninkuwa fiye da sau bakwai a watan azumi ga masu nau'in ciwon da ke kama manya. Ƙa'idar da likitoci da malamai suka zauna suka amince da ita ita ce, soka yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma in sukari ya gaza 70, ko alamun suka bayyana, a karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Wanda bai daɗe da rikicewa irin ta Baba ba yana cikin waɗanda ake ba shawarar su ajiye azumin. In kin san ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi limamin da yake ganin girmansa su je wurin likita tare. In kuma yana tuƙa mota ko babur, ya yi awo kafin ya hau, kada ya tashi in bai kai 90 ba, in abin ya same shi a hanya ya tsaya, ya sha sukari, ya ba kansa kamar minti 45 bayan ya dawo daidai.

Kafin ku ga likita, ki ƙulla sukari mai ƙwaya 4 a 'yar leda ki sa a aljihun kowace rigar da yake fita da ita, wata ƙullin a gefen gadonsa, wata a aljihun ƙaninki da ke raka shi masallaci. Ki rubuta a ɗan kati, da Hausa da Turanci, cewa yana da ciwon sukari, da sunan maganinsa, da lambar wayar mutum biyu, a sa a aljihun gaba. Ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar da abin ya faru, da ƙarfe nawa, da abin da ya ci, da lambar da na'ura ta nuna, ku tafi da shi asibiti. Duk safiya kuma, kada a miƙa masa ƙwayar sai kwanon karin kumallo yana gabansa. In sanarwar jana'iza ta zo da sassafe yana sauri, a tsayar da shi a zaure ya sha koko da ƙosai tukuna.